Tarihin Dokokin Zafi da Abin da Ya Shafi Malamin Hausa

Bahaushe yakan ce a rufe ƙofa kada sanyi ya shigo. Masana kuwa sun tabbatar da cewa ba sanyi ke shigowa ba, zafi ne ke fita. Ba a dare ɗaya aka kai ga wannan magana ba, saboda haka ya kamata mu bi sawunta tun daga tushe.

A ƙarshen ƙarni na 18 yawancin masanan Turai sun ɗauka zafi wani ruwa ne marar nauyi, wanda ke kwarara daga wannan jiki zuwa wancan, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Cikin 1798 Ramfod, wanda ke lura da aikin huda igwa a Munik, ya kawo suka. Ya ga muddin dawaki na juya mahudi, ƙarfe bai daina ba da zafi ba, har ruwa ya tafasa ba tare da an hura wuta ba. Ya ce abin da ba ya ƙarewa haka ba zai zama ruwan da aka ajiye cikin ƙarfe ba, sai dai motsi.

Sa'an nan cikin 1824 wani saurayi Bafaranshe, Sadi Karno, ya buga ɗan littafi a kan injin tururi. Ya kwatanta shi da injin da ruwa ke juyawa: kamar yadda ruwa ba ya aiki sai ya gangaro daga tudu zuwa kwari, haka nan zafi ba ya aiki sai ya sauko daga wuri mai zafi zuwa wuri mai sanyi. Amma a littafin nan bisa tsohon ra'ayi ya yi gininsa, watau duk zafin da ya shiga inji yana fita cif. Ya rasu cikin 1832, littafin bai sami masu karatu sosai ba.

A Ingila kuwa Jemis Jul ya yi shekaru yana awo. Cikin 1850 ya bayyana cewa aikin da nauyin laba 772 ke yi in ya sauko ƙafa ɗaya, shi ke ɗumama laba ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya na Farenhait. Ashe aiki na komawa zafi bisa ƙayyadadden ma'auni. To, ga rikici: in zafi na komawa aiki, yaya zai fita daga inji bai ragu ba?

Rudolf Kilausiyus Bajamushe shi ya raba gardama cikin 1850. Ya nuna wani kashi na zafin ne ke komawa aiki, saura ya wuce wuri mai sanyi. Daga nan dokoki biyu suka tsaya. Ta fari, ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya sake kama. Ta biyu, zafi ba ya tashi da kansa daga abu mai sanyi zuwa abu mai zafi. Cikin 1865 ya ƙago kalmar entirofi daga harshen Girka don auna wannan gangara. Firiji bai karya dokar ba, gama sai ya yi amfani da lantarki yake tura zafi waje.

Abin da ya shafe mu shi ne, kalmar "zafi" tana ɗauke da ma'ana biyu waɗanda kimiyya ta raba: yawan zafin da abu ya ƙunsa, da matsayin zafinsa. Randar ruwa mai ɗumi ta fi allurar da aka gasa ta yi ja yawan zafi, amma in an jefa allurar ciki, daga gare ta zafi zai tafi, domin matsayi yake bi, ba yawa ba. Malamin da bai raba waɗannan biyu ba, ɗalibinsa zai haddace dokar bai fahimce ta ba. Shawararmu ita ce a tsayar da "yawan zafi" da "matsayin zafi" cikin littattafan makarantun horon malamai, a kuma koyar da cewa sanyi ƙarancin zafi ne kawai.