Tarihin Kalmomin Addinin Kirista a Harshen Hausa

Kalmomin da Kiristoci masu jin Hausa ke amfani da su a sujada da karatun Littafi Mai Tsarki, irin su bishara, Almasihu, ikkilisiya, alheri da ceto, ba rana ɗaya aka tara su ba, ba kuma daga tushe ɗaya suka fito ba. Wasu an tarar da su a bakin malaman Musulunci, wasu an aro su daga Helenanci da Turanci, wasu kuwa tsoffin kalmomin gida ne da aka ɗora wa sabon nauyi. In aka tambayi shekarar da aikin ya fara, amsa takan rabu uku: 1857, 1880 ko 1932. A ta farko aka buga littafin Matiyu shi kaɗai, a ta biyu Sabon Alkawari, a ta uku cikakken Littafi Mai Tsarki. Ga mai bin sawun kalmomin da ake ji a coci yau, 1932 ce abin riƙewa.

Aikin farko na James Frederick Schön ne, Bajamushe ɗan mishan na ƙungiyar CMS, wanda ya biyo ayarin binciken kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Mafi yawan Hausarsa ya samo ta ne a Ingila daga bakin Dorugu, wani yaro daga yankin Damagaram da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855 tare da abokinsa Abbega. Hausar yaron da bai zauna gaban malamai ba ce, shi ya sa inda yau ake cewa bishara, kan littattafan Schön "labari nagari" aka rubuta. Fassararsa ba ta samu masu karatu da yawa ba, kuma kaɗan daga zaɓinsa ne ya rayu.

Wanda ya kafa harsashin da ake kai har yanzu shi ne Dokta Walter Miller. Ya fara koyon Hausa a Tarabulus ta Libiya, wurin fatake da maniyyata, sannan ya shigo cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano a 1900. Sarki Alu bai bar su sun zauna ba, suka koma Girku. A 1905 Miller ya samu wuri a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin magani, mishan ɗin ya zauna a nan har aka mayar da shi Wusasa a 1929.  Wannan zama na shekara ashirin da wani abu a garin malamai shi ya ba fassarar 1932 ɗanɗanonta. Miller ya ga Hausa tana da cikakkiyar taskar kalmomin addini tun kafin zuwansa, sai ya ɗiba hannu biyu: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, gafara, addu'a, azumi, Shaiɗan, Attaura, Zabura, Linjila. Ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Biritaniya ce ta fitar da aikin a 1932, da haruffan boko, bayan wakilan sauran mishan sun sa hannu a gyaransa.

Ɗibar ba ta zo a banza ba, domin kowace kalma ta shigo da tsohuwar ma'anarta a goye. Ceto, a kunnen Musulmi, roƙon da Annabi zai yi wa al'ummarsa ne ranar ƙiyama. A bakin Kirista kuwa kuɓuta ce daga zunubi da hukuncinsa ta wurin mutuwar Yesu da tashinsa. Tuba ta fi wannan sarƙaƙiya, don a ƙasar Hausa in Bamaguje ya musulunta cewa ake yi ya tuba, ga shi mai wa'azin Kirista yana kiran jama'a su tuba da nufin su juya wa zunubi baya. Almajiri, wanda ya bar gida neman karatu, shi aka ba mabiyan Yesu goma sha biyu, kuma zaɓin ya zauna daram, domin kalmar Helenancin ma ɗalibin da ke bin malami take nufi. Manzo ya tsaya wa kalmar da ke nufin wanda aka aika, sai Bitrus da Bulus suka zama manzanni, abin da kan ba Musulmi mamaki tunda shi ya keɓe wannan suna ga annabawa. Alheri, wanda a gari kyauta ce ko kyakkyawan aiki, ya zama sunan tagomashin da Allah ke yi wa mutum ba don ya cancanta ba.

Linjila da bishara 'yan uwan juna ne da suka raba aiki. Linjila ta zo ta Larabci daga kalmar Helenanci mai nufin labari mai daɗi, ta tsaya a kan littafin. Bishara, wadda ta haɗa tushe da albishir, ta ɗauki saƙon da kuma yaɗa shi, daga nan aka samu "mai bishara", wato ma'aikacin da ake tura wa ƙauyen da ba shi da fasto.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne sunan Yesu. Bahaushe ya san Annabi Isa tun da daɗewa, har ma akwai Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi, waɗanda suka watsu wajen Ningi, wasunsu suka nemi Miller a 1913 aka zaunar da su a Gimi. Duk da haka fassarar 1932 ta tsaya a kan Yesu Kristi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Zuwa lokacin, yawancin masu karanta littafin ba Hausawan Zariya ba ne, mutanen Filato ne da kudancin Zariya da Adamawa da Bauchi, inda ƙungiyoyin mishan na SIM da SUM suka mai da Hausa harshen coci da makaranta, kuma su ba su da wata tsohuwar shaƙuwa da sunan Isa. Kristi daga Helenanci yake, Almasihu daga Ibrananci ta hanyar Larabci, ma'anarsu ɗaya: wanda aka shafe da mai, yadda ake yi wa sarakunan Isra'ila ranar naɗi. Ubangiji kuwa Hausa ce tsantsa, daga uban gida, kuma ita aka ɗora wa aiki biyu: sunan Allah a Tsohon Alkawari, da laƙabin Yesu a Sabo.

Abin da ba a samu a taskar malamai ba, an aro shi kai tsaye. Baftisma daga kalmar Helenanci ce ta tsomawa cikin ruwa. Ikkilisiya taron jama'ar da aka kira ne, don haka mai kula da magana yakan bambanta ta da coci ko majami'a, wato ginin. Fasto da Rabaran da firist daga Turanci suke. Wasu kuma ƙirar gida ce: gicciye, Jibin Ubangiji, Idin Ƙetarewa, baiko, masu bi, da zumunta wadda ta ba ƙungiyar matan coci sunanta, Zumuntar Mata.

Tsohon rubutun ya daskare a sunayen ɗariku. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda tushenta ke Garkida tun 1923, tana riƙe da "ekklesiya", haka TEKAN da aka kafa a 1955 da HEKAN suna riƙe da "ekklesiya" da "Kristi" duka a cikakkun sunayensu. A Nijar, inda SIM ta sauka a Damagaram a 1924 kafin Tsibiri da Galmi, wannan fassara ce aka yi ta karantawa, sai Kiristocin Maraɗi suka gaji Hausar cocin da aka daidaita a Nijeriya.

Sabuwar fassarar da ta biyo baya ana danganta ta wani lokaci da 1979, wani lokaci da 1980, ta fito ƙarƙashin ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya da aka kafa a 1966. Ta sauƙaƙa jimloli, ta maye Kristi da Almasihu, ta bar Yesu a wurinsa. An yi wasu fassarori bayanta, cikinsu har da Sabon Rai Don Kowa. A coci da yawa na Arewa mai karatu yakan ce Yesu Almasihu daga kan bagade, jama'a kuma su tashi su rera Yesu Kristi daga Littafin Waƙoƙi a sujada ɗaya.