Abin Da Faransa Ta Binne A Hamada

Kowane mutumin ƙasar Kabi ya san hunturu. Daga Gulma har Argungu da Birnin Kebbi, in iskar nan ta taso sai hazo ya rufe fadama, ƙura ta sauka bisa rumbu da randa da bakin rijiya. Daga Hamada ƙurar nan ta ke fitowa. Don haka abin da aka yi cikin Hamada a hunturun 1960 ya shafi mutanen kwarin Rima, ko da ya ke ba wanda ya shawarce su.

A kudancin Aljeriya akwai wani gari wai shi Reggane, kimanin mil 1,000 arewa da Argungu. A zamanin nan Aljeriya tana hannun Faransa, Janar De Gaulle kuwa ya ƙudura sai ƙasarsa ta mallaki bom ɗin atom, irin wanda Amurka ta jefa a Hiroshima cikin 1945. Tun 1959 Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi London ya kai kukan Nijeriya. Abin da aka samu shi ne Ingilishi suka kafa wuraren awon gubar iska a ƙasar nan.

Ran 13 ga Fabrairu 1960 da sassafe Faransawa suka fasa bom ɗinsu bisa wata hasumiyar ƙarfe mai tsawo fiye da ƙafa 300. Ƙarfinsa ya kai na Hiroshima wajen sau huɗu. Suka ce wurin fayau ne, ba abin da zai sami kowa, alhali kuwa akwai manoman dabino da makiyaya a kewayen. Kwame Nkrumah ya riƙe dukiyar Faransa da ke Gana. Da suka fasa na uku ran 27 ga Disamba, sai Nijeriya, wadda ba ta wuce wata uku da samun mulkin kai ba, ta sallami jakadan Faransa ran 5 ga Janairu 1961, ta hana jiragensu na sama da na ruwa sauka. Wannan aikin maza ne.

To, ina gubar ta tafi? Sojan Faransa sun sani, gama sun zana taswirar hanyar da ta bi, amma suka kulle ta shekara 53. Sai cikin 2013 aka buɗe takardun, bayan tsofaffin sojan da suka yi aiki can sun matsa da ƙara, jaridar Le Parisien ta buga taswirar cikin 2014. Ashe gubar ta malala bisa Cadi da Mali da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, cikin kwana 13 kuma ta kai Sifen da tsibirin Sisili.

Labarin bom na huɗu ya fi ban tsoro. Cikin Afrilu 1961 waɗansu janar huɗu suka yi wa De Gaulle tawaye a babban birnin Aljeriya, ga kuwa bom ajiye a Reggane. Masu tarihi da yawa sun ce gudun kada ya faɗa hannun 'yan tawaye shi ya sa aka gaggauta fasa shi ran 25 ga wata. Bayan fashewar aka tura soja su yi atisaye kusa da wurin, don a ga yadda mutum zai yi yaƙi cikin gubar. Wannan ma sai 2010 ya fito fili.

Kada mai karatu ya zaci ɓacewar bom tatsuniya ce. Cikin Disamba 1965 wani jirgin saman Amurka ya gangara daga bisa jirgin ruwan yaƙi mai suna Ticonderoga, ya nutse da matuƙinsa da bom ɗinsa, ba a tsamo su ba. Sai 1989 Japanawa suka ji cewa kusa da tsibiransu abin ya auku.

Daga Reggane Faransawa suka koma In Ekker, wajen duwatsun Hoggar na Buzaye, suka riƙa haƙa rami cikin dutse suna fasawa, har sau 13. Ran 1 ga Mayu 1962 toshin ramin ya ɓalle, baƙin hayaƙi ya tuttuɗo bisa 'yan kallo, cikinsu har da ministoci biyu, Pierre Messmer da Gaston Palewski. Kowa ya yi ta kansa. Palewski ya mutu da ciwon dajin jini cikin 1984, ya kuwa tafi yana cewa hayaƙin nan ne sanadi.

Da za su tashi cikin 1967, sai suka haƙa manyan ramuka suka binne motoci da jirage da tankoki da tarkacen da gubar ta kama, suka mai da rairayi. Ba su bar wa Aljeriya takardar da ta nuna ramukan ba. Talakawa kuwa, da ya ke ba wanda ya gargaɗe su, suka riƙa tsintar waya da ƙarafa suna kaiwa gida da kasuwa. Cikin Afrilu 2021, shekara 54 bayan tashinsu, babban hafsan sojan Aljeriya, Janar Saïd Chengriha, ya sake roƙon takwaransa na Faransa a ba su taswirar wuraren da aka yi binnewar.