Sabulun Gida: Daga Ruwan Toka Zuwa Sodar Kanti

Kwanakin nan duk mai duba status na WhatsApp a Dutse ya san abin da ake yayi. Wannan ta ɗora sabulu mai siffar fure, waccan ta ɗora kyandir a kofin gilashi, wai yana ƙamshin lemo ko sandal. Daga nan Limawa zuwa Takur har Gida Dubu abin ya bazu. Wasu sana'a suka ɗauke shi, wasu kuwa sha'awa ce kawai, a yi na gida, a ba 'yan uwa, a saka a kayan amarya. Abin da na lura shi ne yawancin masu yin sun ɗauka a YouTube aka fara shi. Alhali sabulu ya daɗe a ƙasar nan, kuma yadda ya fita daga hannun matanmu ya koma hannun kamfani labari ne da ya taɓa aljihun kowa a yau.

Sunan ma ya isa shaida. Daga Larabci muka samo "sabulu", wato sabun, kamar yadda muka samo "fitila" daga kalmar Larabawa ta lagwani. Kyandir kuwa daga bakin Turawan Ingila ya shigo. Kun ga ke nan wane ne ɗan gida, wane ne baƙo.

Yadda iyayenmu ke haɗa shi ba wani asiri ba ne, amma aiki ne ja. Za a ƙone karan dawa ko na gero, a tara tokar a tukunyar da aka huda gindinta, a shimfiɗa ciyawa a ƙasa, a zuba ruwa a bar shi yana tsiyaya. Ruwan tokar da ake sa wa miya idan babu kanwa, shi ne dai, sai dai na sabulu ana dafa shi har ya yi ƙarfi. Sannan a kawo kitse, ko man kaɗe, ko man gyaɗa, a yi ta juyawa a kan wuta har ya kama jikinsa, a sauke a dunƙula. Ba sikeli, ba ma'aunin zafi. Da ido da hannu mace ke gane ruwan ya yi ko bai yi ba. A ƙasar Yarbawa da Gana tsarin ɗaya ne, sai dai su tokar ɓawon ayaba da na koko suke haɗawa da man alayyadi, kuma irin nasu ne ya cika kasuwanninmu yanzu da sunan sabulun salo ko sabulun Gana. Wanda ba shi da halin saye kuwa, ɓawon aduwa ma yana kumfa, an yi wanki da shi.

Akwai kuma kanwa, wadda 'yar uwar soda ce ta jini. Lokacin da Baturen nan Heinrich Barth ya ratsa Gumel a 1851, ya tarar da garin babbar mahaɗa ce ta cinikin kanwar da ke fitowa daga wajen Borno ana kai ta har ƙasar Nufe. Wato ta cikin ƙasar da ake kira Jigawa yau wannan fatauci ke bi.

To, ina aka kwana? Canjin daga Turai ya faro. A 1791 wani Bafaranshe, Nicolas Leblanc, ya gano hanyar fitar da soda daga gishiri, aka daina dogaro da toka. A 1823 wani ɗan ƙasar tasu, Chevreul, ya fayyace abin da ke cikin kitse da mai, daga nan aka samu kyandir mai tauri wanda ba ya wari. A 1853 Ingila ta soke harajin sabulu, talaka ya fara saye. Soda ta samu, masu saye sun samu, saura mai. Mai kuwa yana wajenmu. Manjan Kudu shi ya riƙa cika jiragen Liverpool bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, har Turawa suka raɗa wa yankin Neja Delta suna Kogunan Mai. Sabulu da kyandir na daga cikin manyan abubuwan da ake yi da wannan manja.

Namu rabon ya zo ne da jirgin ƙasa. Da aka buɗe layin dogo zuwa Kano a 1912, gyaɗa ta zama kuɗi. Alhassan Ɗantata ya shiga saya wa kamfanin Niger Company gyaɗa a 1918. Zuwa 1930 dogo ya kai Nguru, ya bi ta Ringim, Gagarawa, Malam Madori da Birniwa, kuma duk dattijon waɗannan garuruwa zai ba ka labarin kakar gyaɗa a tasha. Mafi yawan gyaɗar nan man girki da man shafa wa burodi aka yi da ita a Turai, wani kaso kuma ya shiga sabulu.

Ga wurin da ya kamata a tsaya a duba da kyau. William Lever, mai sabulun Sunlight, ya sayi Niger Company ɗungurungum a 1920. A 1929 aka haɗe shi da wani kamfanin aka samu UAC, wadda ta zama reshen Unilever. Ma'ana, mai sayen gyaɗar manomi a sikeli da mai sayar masa da sabulu a kanti gida ɗaya ne. Ya saya a farashin da ya yanka, ya sayar a farashin da ya yanka. A 1923 suka yi wa kamfaninsu rajista a Najeriya, masana'antar sabulu ta tashi a Apapa, PZ kuma ta kama tata a Aba a 1948. Daga nan ne Key mai makulli, da Canoe mai kwalekwale, da Omo suka shiga kowane gida, har ta kai duk garin sabulu Omo muke ce masa ko na wane kamfani ne.

Sai dai a yi adalci, ba talla kaɗai ta kayar da sabulun toka ba. Sinadarin da ke cikin toka sabulu mai laushi yake bayarwa, da damina sai ya tsotsi danshi ya yi laɓo-laɓo. Sodar kanti kuwa sanda take bayarwa mai tauri, a loda a kwali a kai ko'ina, mai tebur ya sa wuƙa ya yanka gwargwadon kuɗinka. Matar da za ta yini a gaban wuta tana juya tukunya, ta ga kwabonta zai sayo mata yanka guda, ai ba sai an yi mata wa'azi ba. Sabulun salo ya tsira ne a inda na kanti bai gamsar ba: wankan jego, ƙurajen yara, gyaran jikin amarya tare da dilka da kurkur.

Labarin kyandir gajere ne. Aci-balbal muka sani, mai da lagwanin auduga. Kananzir ya zo da fitilar ƙwai. Kyandir ya yi zamaninsa a birane lokacin ɗauke wutar NEPA, ya kuma jawo gobara ba ɗaya ba ba biyu ba, sannan fitilar caji ta Sin da sola suka yi masa ritaya. Yanzu ya dawo a matsayin turare. Nan kuwa ya tarar da masu gida, domin ƙasar da ta saba da turaren wuta na hawi da kajiji da humrar Barebari ba a koya mata ƙamshin ɗaki.

A 2023 abubuwa huɗu suka haɗu. A watan Maris Unilever ta sanar za ta daina yin Omo da Sunlight da Lux a Najeriya, bayan shekara ɗari cif da rajistarta. A Mayu aka cire tallafin fetur, a Yuni aka saki naira. A Disamba kamfanin P&G mai Ariel ya ce ya daina sarrafa kaya a nan, sai dai ya shigo da su. Kowa ya ji a jikinsa ranar da ya je sayen sabulun wanki.

Sai aka ce to mata su koma yi a gida. Mu da ke aikin gwamnati mun sha halartar taron yaye mata da aka koya wa sana'a, kuma kusan kullum jerin ɗaya ne: sabulun ruwa, man shafawa, turaren ɗaki. Niyyar mai kyau ce. Amma a duba abin da ke cikin bokitin. Soda, sinadarin kumfa, kala, turare, kusan duk daga waje ake shigo da su, a sayo a Kano, farashinsu na bin dala. Kakarta ba ta sayi komai ba sai ɗan kitse, ita kuwa jika ruwan da ta zuba ne kaɗai na Dutse. Shi ya sa da yawa ke dainawa da zarar jarin da aka ba su ya ƙare, don mata talatin a unguwa ɗaya suna haɗa abu ɗaya ba kasuwa ba ce.

A ganina masu yi don sha'awa su ke da damar da masu neman na cefane ba su da ita, wato damar gwaji. Su za su iya ɓata kwano biyar kafin na shida ya yi. Muna da riɗi, muna da gyaɗa, ga 'ya'yan darbejiya na zuba a bakin titi, ga man aduwa, ga kitse a wajen mahauta. Man kaɗe ma, wanda ya fi yawa a Neja da Kwara da Kebbi, gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallonsa a Agustan 2025 don a riƙa sarrafa shi a gida. Kuma har yanzu a ƙauyukan Kiyawa da Birnin Kudu ba za a rasa tsohuwar da ta san tsiyayar toka ba.

Amma soda ba abin wasa ba ce. Ita ake zubawa a ruwa, ba a zuba mata ruwa, ba a haɗa ta a tukunyar alminiyam, kuma ba a ajiye ruwanta a gorar lemo inda yaro zai ɗauka. Sabulun da aka haɗa ba tare da dafawa ba sai ya sha iska mako huɗu zuwa shida kafin ya taɓa jiki. Masu zuba sinadarin bilicin a sabulun salo su kira shi "haɗin gargajiya" kuwa, cutar mutane suke yi, kuma ko NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa tun 2023.

Masu kyandir su ma ga tasu. Kakin waken suya da ake yayi a intanet daga wajen digiri 50 yake narkewa, mu kuwa a Afrilu zafin Dutse na haura 40 a inuwa, balle a but ɗin mota a hanyar Kano. Kakin zuma sai ya wuce digiri 60 kafin ya saki, ga ƙamshinsa na kansa. Masu zuma da yawa kuwa da sun matse saƙar zubar da ita suke yi. Duk mai so ta tambayi masu zuma a kasuwar Shuwarin su riƙa tara mata.