Daga Tsakar Gida Zuwa Harabar Jami'a: Tarihin Dandalin Wasan Kwaikwayo na Efua Sutherland a Ƙasar Gana

1.0 Gabatarwa

A harabar Jami'ar Gana da ke Legon akwai wani ɗan madaidaicin gini wanda tsakiyarsa ba ta da rufi. A cikinsa ne ɗaliban wasan kwaikwayo na jami'ar suke gwaji, suke kuma gabatar da wasanninsu. Sunan ginin Efua Sutherland Drama Studio. Wanda bai san tarihinsa ba zai ɗauka tun asali nan aka kafa shi, alhali kuwa kwaikwayon wani gini ne da aka buɗe a tsakiyar birnin Akra a 1961, aka kuma rushe shi a 1990. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka kafa ginin farko, da yadda ya koma hannun jami'a, da dalilin rushe shi. Manufa ita ce a nuna cewa fasalin dandali da wurin da aka gina shi suna da ta cewa wajen tantance irin wasan da za a yi da kuma irin mutanen da za su zo kallo.

2.0 Wasan Kwaikwayo a Gana Kafin 'Yancin Kai

Kafin Gana ta sami 'yancin kai a 1957, ana iya kasa wasanninta gida uku. Kashi na farko shi ne na gargajiya, wanda ya haɗa da tatsuniyoyin al'ummar Akan da suke kira Anansesem, wato labaran Ananse. Ananse gizo-gizo ne mai wayo da haɗama, kuma halinsa ya yi kama ƙwarai da na Gizo a tatsuniyoyin Hausa. Kamar yadda masu sauraron tatsuniyar Bahaushe suke amsa wa mai ba da labari tun daga mabuɗi, haka masu sauraron Anansesem suke da nasu rabon aiki. Sukan katse labari da waƙa da kiɗa da rawa, abin da suke kira mboguo, sannan mai labari ya ci gaba.

Kashi na biyu shi ne wasan barkwanci na masu yawo gari-gari da ake kira concert party. Ya bunƙasa tun daga shekarun 1920 da 1930, ya kuma sami karɓuwa sosai wajen talakawa saboda yana tafe da kiɗan zamani. Kashi na uku shi ne wasan makarantun boko da na kulob-kulob ɗin 'yan boko, wanda galibi da Ingilishi ake yin sa a kan dandamali mai labule, 'yan wasa a sama, 'yan kallo a zazzaune a jere suna shiru. Tun a 1915 lauya Kobina Sekyi ya rubuta wasan The Blinkards, inda ya yi wa 'yan bokon Cape Coast ba'a saboda kwaikwayon Turawa ido rufe. Duk da haka, har zuwa lokacin 'yancin kai rubutaccen wasa bai bar tsarin dandamalin Turawa ba.

3.0 Efua Sutherland da Ginin Farko

An haifi Efua Sutherland a Cape Coast a 1924. Ta yi karatun koyarwa a gida, sannan ta tafi Ingila inda ta yi karatu a Kwalejin Homerton ta Kambirij da kuma Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. Ta komo gida a 1951 ta ci gaba da koyarwa. A 1957 tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar marubutan Gana, a 1958 kuma ta kafa ƙungiyar gwajin wasan kwaikwayo a Akra.

Ra'ayinta shi ne sabuwar ƙasa tana bukatar wasan da zai tsiro daga abin da jama'arta suka riga suka sani. Ta raɗa wa irin wasan da take nufi suna Anansegoro, wato wasan Ananse, wanda zai ɗauko mai ba da labari da waƙoƙin katse labari da amshin 'yan kallo ya shigar da su cikin rubutaccen wasa. Sai dai irin wannan wasa ba ya zama daidai a zauren da aka raba 'yan wasa da 'yan kallo da labule. Don haka dole aka nemi gini na daban.

Da taimakon kuɗi daga gwamnatin Gana da Gidauniyar Rockefeller ta Amurka aka gina Ghana Drama Studio, kuma Shugaba Kwame Nkrumah ne ya buɗe shi a watan Oktoba na 1961. An tsara ginin bisa fasalin gidan gargajiya na Akan: katanga ta kewaye fili, tsakiya a buɗe ana ganin sama, a gefe guda kuma akwai dandamali mai rufi. Wannan ya ba da damar a yi wasa a kan dandamali idan ana so, ko kuma a sauko tsakar gida 'yan kallo su kewaye 'yan wasa kamar yadda ake zaman tatsuniya. Marubuci Joe de Graft ne ya zama daraktansa na farko. Wani muhimmin abu kuma shi ne ginin yana cikin gari, inda ma'aikaci da ɗan makaranta da ɗan kasuwa za su iya zuwa ba tare da wata doguwar tafiya ba.

4.0 Komawa Hannun Jami'a

A daidai wannan lokaci ita ma jami'a tana sauya kama. An kafa ta a 1948 a matsayin kwalejin da ke ƙarƙashin Jami'ar Landan, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Nazarin Afirka, wadda masu nazarin Hausa suka sani saboda tarin rubuce-rubucen Larabci da na Hausar ajami da ta adana, ciki har da ayyukan Alhaji Umaru na Kete-Krachi. A 1962 aka buɗe Makarantar Kiɗa da Wasan Kwaikwayo a ƙarƙashin cibiyar, bisa jagorancin masanin kiɗa J. H. Kwabena Nketia. Daga baya aka faɗaɗa ta, ta zama makarantar da ta haɗa kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo.

A 1963 Efua Sutherland ta kama aikin bincike a cibiyar, dandalin kuma ya shiga ƙarƙashin jami'a a matsayin wurin koyon aiki na ɗalibai. Wannan haɗi ya amfani kowane ɓangare. Jami'a ta sami ƙafa a cikin gari, dandali kuma ya sami ɗalibai da malamai da inuwar fakewa. Amfanin inuwar ya fito fili bayan juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966 da ya kawar da Nkrumah, domin dandalin ya ci gaba da aiki ko da babban majiɓincinsa ya bar mulki.

Efua ba ta tsaya a birni kaɗai ba. A 1966 aka gina wani dandali mai suna Kodzidan, wato gidan labari, a ƙauyen Atwia da ke Yankin Tsakiya, inda mutanen ƙauyen da kansu suke gabatar da tatsuniyoyinsu. A 1968 ta kafa ƙungiyar Kusum Agoromba wadda take yawo da wasanni cikin harshen Akan zuwa makarantu da garuruwa. Sakamakon wannan dogon gwaji ya bayyana a wasanta The Marriage of Anansewa, wanda aka buga a 1975. A cikinsa Ananse ya yi wa sarakuna huɗu alkawarin 'yarsa, ya karɓi dukiyar kowanne, da asiri ya kusa tonuwa sai ya sa yarinyar ta yi mutuwar ƙarya. Mai ba da labari da mawaƙa suna nan a fili tun daga farko har ƙarshe, suna magana da 'yan kallo kai tsaye. Wasa ne da aka ɗinka daidai da jikin wannan dandali.

5.0 Rushewa da Ƙaura

A 1985 gwamnatin Jerry Rawlings ta ƙulla yarjejeniya da ƙasar Sin domin gina Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa. Filin da aka zaɓa ya haɗa da inda Ghana Drama Studio yake. A 1990 aka rushe tsohon ginin aka fara aikin sabon, wanda aka kammala a ƙarshen 1992. Babban zaurensa yana ɗaukar mutum kimanin 1,500. A madadin abin da aka rushe, sai aka gina irinsa a harabar Legon, wanda yake ɗauke da sunan Efua Sutherland. Ita kuwa ta rasu a 1996.

Sauyin ya taɓa har ƙungiyoyin wasa na jami'a. Ƙungiyar rawa da aka kafa a 1962 da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Abibigromma da aka kafa a 1983 duk sun rabu gida biyu a farkon shekarun 1990, wani ɓangare ya koma sabon gidan wasan ƙasa, wani ya zauna a Legon.

Idan aka auna riba da hasara, za a ga cewa ƙasa ta sami katafaren zaure, ɗalibai kuma sun sami dandali a bakin ajinsu. Abin da aka rasa shi ne maƙwabtaka da gari. Legon tana da nisan kimanin kilomita 12 daga tsakiyar Akra, kuma harabar jami'a wuri ne da ba kowa yake jin yana da ikon shiga ba. Babban gidan da ya gaje filin kuwa ya koma tsarin dandamali da kujeru a jere, wato tsarin da aka gina ƙaramin dandalin domin kauce masa. Katanga da tsakar gida sun yi ƙaura lafiya, amma ba a ɗaukar 'yan kallo a mota a sauya musu unguwa.

6.0 Kammalawa

Tunanin gina dandali bisa fasalin gidan gargajiya bai tsaya a Gana ba. A tsakiyar shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta gina nata da jar ƙasa da jinka bisa tsarin gidan Bahaushe, wanda Steven Ehrlich ya zana. Su ma malamai da ɗaliban Zariya ba su jira ƙauyawa su zo harabar jami'a ba, su ne suka fita da wasa zuwa wurare irin su Soba da Maska, kamar yadda Efua ta nufi Atwia.

Tarihin dandalin Legon ya nuna cewa jami'a tana iya tsare gini da fasaha daga guguwar siyasa, ta kuma horar da masu gadonsu. Sai dai wannan tsaro yana tafe da haɗarin wasa ya zama na ɗalibai da malamansu kaɗai. Wasan da aka samo daga tatsuniya yana rayuwa ne da amshin jama'ar da suka mallaki tatsuniyar. Don haka aikin da ya rage wa duk wani sashen jami'a da yake da irin wannan dandali shi ne ya buɗe ƙofarsa ga mutanen gari, ya kuma riƙa bin su da wasa har inda suke.