Ƙarin Huhun da Yake Shigar Burtu

Mu masu tiyatar ƙirji gadon tsoro muka yi, kuma tsoron yana da tushe. A 1933, a asibitin Barnes da ke St. Louis a Amurka, Evarts Graham ya cire wa wani likita, James Gilmore, huhu guda sukutum saboda kansar huhu. Gilmore ya ƙara shekara 30 a duniya. Graham ne ma ya riga shi, a 1957, kuma kansar huhu ce ta yi ajalinsa. Tun daga wannan nasara aka riƙa koya wa na baya cewa in an ga tabo zagayayye a hoton ƙirji, a yanka, kuma kada a yi rowar wuƙa.

Amma ba kowane ƙari ne kansa ba. Wanda muka fi haɗuwa da shi cikin marasa illa shi ne hamatoma, curin guringuntsi da kitse da ke girma a hankali, ba ya yaɗuwa. Kafin zuwan na'urar CT a shekarun 1970, mutane da dama an tsaga musu haƙarƙari a kansa. Yanzu in hoton ya nuna kitse a ciki, ko wani fari-fari mai siffar gugguru, sai mu bar shi, mu riƙa dubawa.

Mai rikita mu shi ne wanda Averill Liebow da Hubbell suka bayyana a 1956. Sun ɗauka daga jijiyoyin jini ya fito. Sai da aka daɗe kafin gwaje-gwaje su nuna ƙwayoyin huhu ne asalinsa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya masa suna zuwa nimosaitoma a 2015. Ya fi kama mata masu matsakaicin shekaru, musamman a gabashin Asiya. A hoton PET yakan haska kamar kansa. In aka tsakuro shi da allura, ɗan abin da aka samu sau da yawa ba ya isa a yanke hukunci.

Saboda haka hukuncin a ɗakin tiyata ake yin sa. Mukan yanko ƙarin mu aika a daskarar da shi a duba, dabarar da Louis Wilson ya inganta a asibitin Mayo a 1905. Majinyaci na barci, mu muna tsaye kamar minti 20 muna jiran waya. In aka ce kansa ce, ɓangare guda na huhu zai tafi tare da kaluluwar da ke kewaye. In aka ce ba ita ba ce, a rufe. Nimosaitoma kuwa ko a nan yakan yaudari gwanaye. A ganina, likitan da ya rufe ya jira cikakken sakamako, ko da zai sake komawa, ya fi wanda ya cire huhun da ba zai tsiro ba. Tun da tiyatar kyamara ta ƙananan huji ta yaɗu a farkon shekarun 1990, komawar ma ta yi sauƙi.

A ƙasar Hausa kuwa, mai shigar burtun da muka fi gani curin tarin fuka ne. Sau da yawa ma akasin haka ke faruwa: a ɗora mai kansa kan maganin tarin fuka na wata shida, sai tari ya ƙi tsayawa sannan a turo mana shi.