Faifan gida ko rumbun intanet: Inda ya dace a ajiye kwafin bayanai

A ranar zaɓe, dubban matasa kan ɗauki hoton takardar sakamako ta EC8A a rumfunansu. Wasu kan naɗi bidiyon zanga-zanga, ko na aikin hanyar da aka karɓi kuɗinsa aka watsar. Mafi yawan waɗannan hujjoji suna zaune ne a wuri ɗaya tak, wato cikin wayar da aka ɗauke su da ita. Ranar da aka fizge wayar, ko aka ƙwace ta, ko ta faɗa ruwa, hujjar ta tafi ke nan.

Maganin wannan shi ne kwafin ko-ta-kwana, wato kwafi na biyu da ake adanawa don a dawo da bayanai idan na asali ya salwanta. Kusan kowace waya da kwamfuta tana zuwa da manhajar da ke yin wannan aiki, kuma kowace manhaja tana tambayar inda za ta riƙa kai kwafin. Amsar da aka ba ta ita ce ke yanke irin asarar da kwafin zai iya tsallakewa, da kuma wanda zai iya buɗe shi ban da mai shi.

Wurare uku da kwafi ke iya zama

Wuri na farko shi ne cikin na'urar kanta, kamar wata folda dabam ko katin memori da ke cikin waya. Wannan yana ceton mutum idan ya goge fayil bisa kuskure, amma ba ya amfana komai idan ɓarawo ya tafi da wayar, domin da asalin da kwafin tare suka tafi.

Wuri na biyu shi ne wata na'ura dabam da ke hannun mai bayanan, kamar filash ko faifan ajiya da ake jonawa a kwamfuta. Ba ya buƙatar data, yana da sauri, kuma babu kamfanin da ke riƙe da shi. Rauninsa shi ne yawanci a ɗaki ɗaya ko jaka ɗaya yake kwana da kwamfutar, don haka gobara ko ambaliya ko samame na iya haɗawa da su duka.

Wuri na uku shi ne rumbun intanet, wanda Turawa ke yi wa laƙabi da girgije. A zahiri manyan kwamfutoci ne na wani kamfani, jere cikin wani gini, galibi a wata ƙasa. Google Drive da iCloud da OneDrive da Dropbox duk irin wannan rumbu ne. Gobarar gida ba ta kai gare shi, amma sai da intanet ake isa wurinsa, kuma yana ƙarƙashin sharuɗɗan kamfanin da dokokin ƙasar da kamfanin yake.

Ƙa'idar 3-2-1

Tun da kowane wuri yana da nasa rauni, masana harkar sukan haɗa su. Ƙa'idar da ta fi shahara ita ce ta 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa a littafinsa kan adana hotuna. Tana cewa a riƙe kwafi 3 na duk abin da ke da muhimmanci, a kan na'urori iri 2, sannan 1 daga cikinsu ya kasance a wani wuri mai nisa. Ga mai waya, wannan na nufin bidiyon yana cikin wayar, yana cikin filash, yana kuma cikin rumbun intanet ko a hannun wani amintacce a wani gari.

Manyan hukumomi ma sun sha wuya saboda watsi da wannan ƙa'ida. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, inda wasu abokan cinikinsa suka tarar cewa kwafin da suka dogara da shi a harabar da ta ƙone yake. A ranar 26 ga Satumba 2025 wata gobarar ta tashi a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, ta lalata rumbun da ma'aikatan gwamnati ke ajiye fayilolinsu mai ɗauke da kimanin terabait 858, kuma ba a yi masa kwafi a wani wuri ba. Idan gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai a shafa wa nasa ruwa.

Madubi da ajiya ba ɗaya ba ne

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar daidaita fayiloli a matsayin ajiya. Manhajoji irin su Google Drive da OneDrive da iCloud sukan yi aiki tamkar madubi, duk abin da ya faru a na'ura sai ya bayyana a rumbu. Idan aka goge hoto a waya, a rumbun ma zai goge. Kwandon shara na Google Drive yana riƙe abin da aka goge na kwana 30 ne kawai, daga nan ya ɓace.

Ajiya ta gaskiya tana riƙe tsofaffin siffofin fayil, ta yadda za a iya komawa yadda yake a makon jiya. Wannan ne ke ceton mutum daga manhajojin garkuwa da bayanai, masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ta afka wa kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 a watan Mayu 2017. Irin waɗannan manhajoji sukan kulle har faifan da ke jone da kwamfutar. Shi ya sa ake cire faifan waje da zarar an gama kwafi.

Yadda ake zaɓar wurin a na'urori

A kwamfutar Windows, manhajar File History ce ke yin kwafi zuwa faifan waje ko wata kwamfuta da ke kan hanyar sadarwa ɗaya. Ana jona faifan, a zaɓe shi a matsayin wurin ajiya, sannan a tsayar da tazarar lokaci da tsawon zaman tsofaffin kwafi. Idan ba a sauya ba, duk awa ɗaya take yin kwafi. A kwamfutar Mac, Time Machine ce ke wannan aiki tun 2007: tana riƙe kwafin kowace awa na awa 24, na kowace rana na wata ɗaya, da na kowane mako na watannin baya, har faifan ya cika ta fara share mafi tsufa.

A waya kuwa, zaɓin ya fi ƙunci. WhatsApp yana kai kwafinsa zuwa asusun Google a wayoyin Android, zuwa iCloud a wayoyin iPhone. A sashen ajiyar hirarraki na saitinsa ake zaɓar asusun, da ko kullum za a riƙa yi ko mako-mako ko wata-wata, da ko a haɗa da bidiyo. Abin lura shi ne sabon kwafi yana maye gurbin tsohon, don haka saƙon da aka goge jiya ba zai kasance cikin kwafin yau ba. Ya kamata kuma a tabbatar asusun na mai wayar ne, domin da yawa masu shagon waya ne suka buɗe musu, kuma kalmar sirrin tana hannun wani.

Sai batun girman wuri. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa. Apple da Microsoft suna ba da gigabait 5 kowannensu, Dropbox kuma gigabait 2. Tun 1 ga Yuni 2021 Google Photos ya daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka, kuma daga 2024 kwafin WhatsApp na Android ya shiga lissafin gigabait 15 ɗin. Idan wurin ya cika, ajiya takan tsaya, mai waya kuma yana zaton tana tafiya. Haka nan Google na iya share asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Wa ke riƙe da makulli?

Ga mai bin diddigin hukuma, wannan tambaya ta fi kowace nauyi. Yawancin rumbunan intanet suna kulle bayanai da lambobin sirri, amma makullin yana hannun kamfanin, wanda doka na iya tilasta masa buɗewa. Dokar CLOUD da Amurka ta kafa a Maris 2018 ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar, ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Google da Apple da Meta duk suna wallafa rahoton yawan buƙatun da gwamnatoci ke aiko musu.

Akwai hanyar riƙe makulli a hannu. Tun Oktoba 2021 WhatsApp ya ba da damar kulle kwafi da kalmar sirri ko da lamba mai harafi 64, ta yadda shi da Google da Apple ba sa iya karantawa. Sai mutum ya kunna wannan da kansa. Apple ya fito da irin nasa tsarin ga iCloud a Disamba 2022, amma ya janye shi daga Birtaniya a Fabrairu 2025 bayan matsin lambar gwamnatin ƙasar, abin da ke nuna cewa kariyar da kamfani ya bayar yana iya janye ta. Manhajar Cryptomator tana kulle fayiloli tun kafin su bar na'ura zuwa rumbu. Faifan waje da filash kuma ana kulle su da VeraCrypt ko BitLocker, domin filash marar kulle buɗaɗɗen littafi ne ga duk wanda ya tsince shi.

Wannan kariya tana da farashi. Wanda ya manta kalmar sirrin ya rasa bayanan har abada, babu kamfanin da zai iya taimakonsa. Don haka akan rubuta ta a takarda a ajiye a wurin da ba ya tare da na'urar.

Ƙungiyoyi da kafofin labarai masu riƙe bayanan jama'a suna da ƙarin nauyi. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje, kuma ajiya a rumbun da ke wata ƙasa na iya shiga ƙarƙashinta.

Ranar da babu intanet

Dogaro da rumbun intanet kaɗai yana da haɗarin da mutanen wannan yanki suka sani. A Fabrairu 2021 an katse intanet ɗin waya a Jamhuriyar Nijar na kusan kwana goma bayan zaɓen shugaban ƙasa. A Satumba 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara, daga baya a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A ranar 14 ga Maris 2024 lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku ta durƙusar da intanet a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. A irin waɗannan ranaku, wanda ke da kwafi a filash ne kaɗai ke iya isa ga bayanansa.

Shafukan sada zumunta ma ba ma'ajiya ba ne. A 2017 na'urorin tace bidiyo na YouTube sun sauke dubban bidiyoyin yaƙin Siriya, ciki har da waɗanda masu bincike ke dogaro da su wajen tattara hujjar laifukan yaƙi. Ƙungiyar Syrian Archive ta duƙufa ne kan adana irin waɗannan bidiyoyi a rumbunta kafin su ɓace. A Najeriya kuma an dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022.

Idan kwafin hujja ne

Fayil ɗin da za a iya kai wa kotu ko ɗan jarida yana buƙatar a adana shi yadda aka ɗauke shi. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yakan rage inganci, ya kuma rasa bayanan da ke maƙale da shi na rana da lokaci da wuri. Tura shi a matsayin takarda ne ke barinsa yadda yake. A Google Photos ma akwai zaɓin tsimin wuri, wanda ke rage hoto zuwa megafiksel 16, da zaɓin ainihin inganci, wanda shi ya dace da hujja. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar a bayyana na'urar da ta samar da hujja da yadda aka samar da ita, don haka yana da kyau a rubuta wanda ya ɗauka, da wace waya, a ina, da yaushe.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji. Akan ɗauki fayil ɗaya daga kwafin, a dawo da shi a wata na'ura, a buɗe a gani. Idan bai buɗe ba, gara a gano hakan tun asalin yana hannu. A duba kuma ranar da manhajar ta nuna ta yi kwafi na ƙarshe, aƙalla sau ɗaya a wata.