Ranar da Spider-Man ya naushi Superman

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan jarumai ya san musun nan: idan Superman da Hulk suka kara, wa zai kai wani ƙasa? Mun yi shi a bayan aji, mun yi shi a ɗakin kwanan ɗalibai, yanzu kuma muna yin sa a waya har dare ya raba. Abin da ba mu lura da shi ba muna yara shi ne, kowane jarumi da ubangidansa. Superman da Batman da Wonder Woman dukiyar kamfanin DC ne. Spider-Man da Hulk da Captain America kuwa na Marvel ne. Gizo na tatsuniya ba shi da mai shi, kowace kaka tana iya haɗa shi da wanda ta ga dama. Amma kafin gizon Amurka ya gaisa da Superman a shafi ɗaya, sai da lauyoyi suka zauna.

Marubuta ne suka fara leƙa katangar. A 1972, abokai uku, Steve Englehart da Gerry Conway da Len Wein, suka shirya wata 'yar dabara. Suka saka kansu a cikin labari, wai sun tafi bikin Halloween a garin Rutland na jihar Vermont. Labarin ya faro a wani littafin zane na Marvel, ya ci gaba a Justice League of America na DC, ya ƙare a Thor na Marvel. Jaruman ba su yi ido biyu ba, marubutan ne kawai ke tsallakawa daga wannan gida zuwa wancan, sai mai sayen littattafan uku ne zai gane abin da aka yi.

Haɗuwa ta haƙiƙa ta zo a 1976, da littafin Superman vs. The Amazing Spider-Man, mai manyan shafuka, a kan dala 2. Shekara ɗaya kafin nan kamfanonin sun gwada aiki tare a kan labarin Wizard of Oz, wanda ba ya taɓa jarumin kowa. Wannan karon kuwa kowa ya fito da ɗansa na gaban goshi. An ba Gerry Conway rubutu, Ross Andru kuma zane, domin dukansu sun yi wa gidajen biyu aiki, babu wanda zai ce an yi son kai.

Nan matsalar ta taso. Superman yana ɗaga dutse kamar faifai, Spider-Man kuwa saurayi ne da ke fama da kuɗin haya. Ta yaya za su yi dambe ba tare da an ci mutuncin Marvel ba? Sai Conway ya sa mugun nan Lex Luthor ya haska wa Spider-Man hasken jar rana, irin wanda ke rage wa Superman ƙarfi. Na ɗan lokaci Spider-Man ya riƙa jibgar babban jarumin. Da hasken ya gushe, ya ci gaba da kai naushi har hannayensa suka yi tsami, Superman ko gezau. Daga nan suka gane haɗa su aka yi, suka juya kan Luthor da Doctor Octopus. Kowa ya samu nasa rabon, babu wanda ya faɗi.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan faci. Idan aka ce ka haɗa tsari biyu da aka gina kowanne da dokokinsa, sai ka ƙirƙiro wata 'yar gada ta wucin gadi, kana addu'a kada wani ya duba ƙarƙashinta. Hasken jar rana gada ce irin wannan. A 1981 ma haka aka yi da Batman ya gamu da Hulk: ya watsa masa hayaƙin barci, ya shure shi a ciki don dole ya shaƙa.

A 1982 aka haɗa X-Men da Teen Titans, ya kuma karɓu. Sai aka ɗauko babban aiki, wato Justice League da Avengers, rundunar DC da rundunar Marvel. George Pérez, wanda ya zana ƙungiyoyin biyu a baya, ya kama aiki da zumuɗi har ya zana shafi 21. Sai babban editan Marvel, Jim Shooter, ya ce bai amince da tsarin labarin ba. Aka yi ta musayar yawu tsakaninsa da editocin DC, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi, har aka rabu baran-baran. Fiye da shekara 10 ƙofar tana rufe.

Abin da ya buɗe ta ba zumunci ba ne. A tsakiyar shekarun 1990 kasuwar littattafan zane ta faɗi warwas, shaguna suna ta rufewa, kuma a Disamban 1996 Marvel da kanta ta kai kanta kotu cewa bashi ya fi ƙarfinta. A farkon wannan shekarar ne aka fitar da DC vs. Marvel a kashi 4, da sabuwar hanyar kauce wa zargi: masu karatu su kaɗa ƙuri'a a kan karawa 5. Superman ya doke Hulk, Batman ya doke Captain America, Spider-Man ya doke Superboy, Storm ta doke Wonder Woman, Wolverine ya doke Lobo. A ganinmu wannan ƙidayar farin jini ce, ba ta ƙarfi ba. Lobo yakan yi kare-jini-biri-jini da Superman, don haka babu yadda za a zana Wolverine ya kayar da shi a yarda. Sai aka sa suka faɗa bayan kantar mashaya, aka ɓoye faɗan, Wolverine ya miƙe shi kaɗai. An ba mu abin da muka roƙa, ya fito salam. Abin da ya fi armashi shi ne wasan da ya biyo baya mai suna Amalgam, inda aka narkar da jarumai biyu su zama ɗaya, kamar Batman da Wolverine da suka koma Dark Claw.

Idan aka tambaye mu wace haɗuwa ce ta fi, ba cikin waɗannan za mu zaɓa ba. A 1994 Marvel ta haɗu da kamfanin Archie Comics suka fitar da Archie Meets the Punisher. Archie ɗan sakandare ne a garin Riverdale, damuwarsa a duniya ita ce wacce zai zaɓa tsakanin Betty da Veronica. Punisher tsohon soja ne da ke bindige masu laifi ba tare da shari'a ba. Batton Lash ya rubuta cewa Punisher ya biyo sawun wani dillalin ƙwaya mai kama da Archie sak, da sharaɗin ya kamo shi da rai. John Buscema ya zana Punisher da salonsa mai duhu, Stan Goldberg ya zana su Archie da fara'arsu, duk a shafi ɗaya. Babu mai tambayar wa ya fi ƙarfi, don haka labarin ya samu sarari ya yi wata tambayar: me mutumin da ya rasa iyalinsa zai ji idan ya shiga garin da ba a taɓa yi wa kowa mugunta ta gaske ba?

George Pérez ya jira shekara 20. A 2003 aka fara fitar da JLA/Avengers, Kurt Busiek ya rubuta, Pérez ya cusa kusan duk wanda ya taɓa shiga rundunonin biyu. A nan an yi ƙarfin hali, Superman ya kayar da Thor a fili. A kashi na ƙarshe kuma ya riƙe gudumar Thor a hannu ɗaya, garkuwar Captain America a ɗayan. Da yaƙi ya ƙare ya sunkuya zai sake ɗaga gudumar, ta ƙi motsi. Aro ne, kuma lokacinsa ya cika.

Daga nan shiru. Disney ta sayi Marvel a 2009 a kan kusan dala biliyan 4, DC kuma tana hannun Warner, jaruman suka zama jarin finafinai da ba a wasa da shi. Littafin Pérez ya ɓace daga kasuwa. Sai da ya bayyana cewa yana fama da ciwon daji da ba zai warke ba, sannan kamfanonin suka bari ƙungiyar agaji ta Hero Initiative ta sake buga kwafi 7,000 a 2022. Ya rasu a watan Mayu na shekarar. A 2025 aka sake buɗe ƙofar da Batman da Deadpool, littafi biyu: na Marvel ya sa sunan Deadpool a gaba, na DC ya sa na Batman.